Kofi Na Shida a Kabad ɗin Mama

Ni mai hoto ne, matata mai ido. Haka muka raba aiki tun ranar da muka buɗe ɗan shagonmu na tsofaffin kofuna da kwanukan kiristal, wato gilashin nan mai nauyi da ake sassaƙa wa zane da hannu. Mukan sayo a gwanjo, ko a gidan da ake tashi, ko otal ɗin da ya gaji da kayansa. Ita za ta duba ta faɗi wane zane ne, na gaske ne ko na zubi. Ni in wanke, in goge, in ɗauki hoto, in sa a shafinmu na waya masu saye su gani. Sunanta a shago Manaja. Da wasa na raɗa mata, sai ta karɓa hannu bibbiyu, kuma har yau ban ga alamar za ta sauka ba.

In ka miƙa wa Manaja kofi, ba kallonsa take fara yi ba. Rufe ido take yi, ta bi tsagin zanen da babban yatsa. Na gaske yana da kaifi, har yakan ɗan ciji fata. Na zubi kuwa, wanda aka narka aka zuba a mazubi, lumus yake, kuma in ka laluba sosai za ka ji layin haɗi a gefensa. Sannan ta ɗalli bakin da farce ta kai kunne. Na gaske sai ya yi ta kuka, tinnn, har ka gaji da saurare. Na zubi ya ce ƙwas, ya ja bakinsa ya yi shiru. Daga nan ta kife shi ta ƙirga tsinin tauraron da ke gindi, ta naɗe jikinsa da farar takarda ta goga fensir har zanen ya fito. Da wannan takarda take yawon kasuwa in tana neman ɗan'uwan wani kofi.

Nawa aikin kowa gani yake wasa ne, sai ya gwada. Gilashi munafuki ne, wallahi. Ka tsayar da shi gaban farin bango ya ɓace, ka haska masa fitila ya kashe maka ido. Baƙin ƙyalle nake ratayawa a bayansa, in ja tebur gefen taga, haske ya shigo ta gefe ɗaya ya bi tsagogin nan ya fito da su. Kuma dole in sa baƙar riga. Akwai ranar da zafi ya ishe ni na ɗauki wani babban kwano ina sanye da singileti, washegari wata mai saye ta aiko tambaya wai ko mutumin da ke ciki shi ma na sayarwa ne. Na duba hoton. Kowace tsaga ta kwanon nan da ni a ciki, ni da tumbina. Manaja ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, kuma har yanzu in muka yi baƙi sai ta ba da labarin.

To, wata safiya ina cikin gyara ƙyallena sai ga Auta, ƙanwar Manaja, ta faɗo shago ko sallama babu. Ba a daɗe da yi mata aure ba, tana zaune a gidan su mijinta Dogo tare da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mama. Ta rungumo wani tawul a ƙirji, ido ya yi jawur.

Na ce, "Amarya, lafiya? Ke da kika ce gidan miji ya fi gidanmu iska?"

Ko harara ba ta yi mini ba, nan na san abin babba ne. Ta ce, "Yaya, na shiga uku." Ta buɗe tawul a kan teburin Manaja. Kofi ne, ya rabe gida biyu tun daga baki har gindi.

Manaja ta ɗauki rabi ɗaya ta shafa. Ta ce, "Tafasasshen ruwa kika zuba masa."

"Don ya fita tas ne, Yaya."

"Ai kuwa ya fita."

Sai Auta ta fashe da kuka, labari ya fito a gutsure. Mama tana da kofuna shida a kabad mai gilashi a falo, tun na farkon aurenta da marigayi Alhaji. Ba a fito da su sai 'ya'yanta sun taru, kuma ba mai wanke su sai ita. Yanzu ta yi tafiya wurin 'yarta da ta haihu, shi ne Auta ta ce bari ta ƙalƙale kabad ɗin, Mama ta dawo ta ga hannunta.

Na ce, "To ki gaya mata mana. Ko duka take yi?"

Auta ta share hanci. "Da ma dukan ne, da ya fi. Mama ba ta taɓa yi mini ko tsawa ba. Dogo ya bar takalmi a falo, ta wanke shi tas. 'Yarta Anti ta zo da aurenta da komai, ta sha faɗa a kan gishiri. Ni kuwa in na ƙona abinci sai ta ce, 'Ba komai, 'yar nan, sannu da ƙoƙari.' Na ɗauki tsintsiya ta ce in ajiye in huta. Kullum kamar baƙuwar da ake jira ta gama kwanakinta. Ni so nake in zama 'yar gida, ga abin da na jawo. In ta ga wannan, shi ke nan, har abada sai dai ta ce mini ba komai."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Manaja kuwa hankalinta ya riga ya tafi kan guntun kofin. Ta haɗa rabin biyu, ta kife gindin ta ƙirga. "Tauraro mai tsini goma sha shida, zanen fanka a sama, na raga a ƙasa. Aikin hannu ne mai kyau. Za a samu, amma sai na ga 'yan'uwansa, don tsayi da faɗin baki. Mai Hoto, ɗauko ƙyallenka."

Muka je gidan da hantsi, Dogo yana wurin aiki, don Auta ta rantse ba za ta gaya masa ba. Falo ne tsaf, kujeru sun sha lulluɓi, ga kabad a kusurwa. Daga inda na tsaya, kofuna biyar ne iri ɗaya suna ƙyalli. Na ja ƙaramin tebur gefen taga, na rataya ƙyalle a bayan kujera, Auta ta riƙa miƙo su ɗai-ɗai.

Manaja ta rufe ido ta shafa na farko. Ta buɗe ido. Ta shafa na biyu, ta ce, "Kai!" Na uku ta ce, "A'a!" Da ta kai na biyar sai ta ɗalle shi, ya ce ƙwas, ta nemi kujera ta zauna.

"Innalillahi. An yashe baiwar Allahn nan."

Auta ta ce, "Me ya faru, Yaya?"

"Duba nan. Wannan tauraronsa tsini goma sha biyu. Wannan ya fi sauran tsayi da yatsa guda. Wannan fankarsa a kife take. Wannan ma ba raga ba ce, ganye ne. Wannan kuwa," ta ɗaga na ƙarshen da yatsa biyu tana yamutsa fuska, "na zubi ne. Dubi kaurinsa, dubi yadda ya yi kore-kore, ga layin haɗi kamar ɗinkin buhu. Babu biyu da suka haɗa uwa. Wanda kika fasa shi kaɗai ne na asali."

Auta ta dafe kai. Na duba ta cikin kamara, gaskiyar Manaja ce. A gaban baƙin ƙyalle kowanne ya fito da halinsa, babu inda zai ɓuya.

Manaja ta ce, "Masu aikin da suka yi ta wucewa a gidan nan ne. Sun yi mata ɗauki ɗai-ɗai, suna cike gurbi da tarkace, ita ba ta sani ba. Allah ya isa."

Na ce, "To, Allah ya kyauta. Mu dai kofi ɗaya aka ce mu nemo."

Ta juyo ta dube ni. "Ɗaya? In kwaikwayi wanne? Ni da sunana a kasuwa in ƙara hannu a wannan kwamacala? Shida za mu nemo, na gaske, mu mayar wa matar nan da abinta yadda yake ranar da aka kawo shi. Auta, ba fita kunya kaɗai za ki yi ba, sai ta sa miki albarka."

Na ce, "Manaja, garin gyaran gira fa ake rasa ido."

"Kai da ido me ya haɗa ku? Ɗauki hotonka."

Na ɗauki hotona. Mutum ya san inda ƙarfinsa ya tsaya.

Ranakun da suka biyo baya ba mu ga Manaja sosai ba. Ta goga fensir a kan guntun da ya fashe, ta ninke takardar a jaka, ta shiga gari. Babu ɗan gwanjon da ba ta tayar daga barcin rana ba. Ta zazzage kwalaye, ta shaƙi ƙura, ta yi faɗa da wani da ya ce mata ai duk gilashi gilashi ne. Can sai ga ta wata yamma ta shigo tana waƙa, da kwali a ka. Wurin wani tsoho da ya kwashi kayan wani otal da aka rufe ta samo su, shida cif a naɗe cikin jarida. Ta jera su ta ɗalle su ɗaya bayan ɗaya, shagon ya ɗauki tinnn, murya ɗaya. Ni kaina sai da na ji daɗi. Ban tambayi abin da ta biya ba, don ina son zaman lafiya.

Aka kai shida kabad ɗin Mama, aka kwaso biyar ɗin nan zuwa shago. A wurin Manaja musaya ce aka yi, kuma Mama ce ta ci riba. Ta ce in ɗauke su ɗai-ɗai in sa a shafi, ko wani yana neman cike gurbi. Na yi. Abin mamaki, mummunan nan na zubi shi ya fi kowanne kyau a hoto. Koren nan nasa ya sha hasken taga ya yi wani sanyi-sanyi, har na tsaya ina yaba kaina. Shi aka fara saye. Wani tela ne a bayan layinmu, ni na kai masa da hannuna.

Ranar da Mama ta dawo, Manaja ta ce lallai mu je sannu da zuwa. Na san ba gaisuwar ce ta dame ta ba, so take ta ga idon Mama in ya faɗa kan kofunan. Muka tarar gida ya cika: Babban Yaya, wan su Dogo, ya zo, Anti ta rako Mama da jaririnta, Dogo yana ta kai da kawo. Mama 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai tabarau, muryarta ta fi jikinta. Muna zama ta gama da Dogo a kan bai gyara famfo ba, ta koma kan Babban Yaya wai ya rame. Auta ta kawo ruwa, ta ce mata, "Sannu, 'yar nan, zauna ki huta."

Da aka kusa cin abinci Mama ta miƙe, ta sa aka kawo mata roba da ruwa mai ɗumi, ta buɗe kabad. Manaja ta taɓa ni da gwiwar hannu.

Mama ta ɗauki na farko, tana magana da Anti, babban yatsanta yana bin jikin kofin. Sai maganar ta tsaya a tsakiya. Ta ajiye, ta ɗauki na biyu. Ta ɗauki na uku. Ta bi su duka shida, ta jera a tebur, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Wa ya taɓa mini kabad?"

Auta ta zube a gabanta. Ta faɗi komai, da ruwan zafin da tawul ɗin. Kafin ta rufe baki Manaja ta karɓe, cikin ladabi amma ba ja da baya. Ta ce, "Mama, ai abin ya zo da alheri. Da muka duba sai muka tarar an daɗe ana cutarki. Biyar ɗin nan babu na asali ko ɗaya. Wani tsayi, wani ganye, wani ma na zubi ne. Shi ne muka nemo miki na gaske."

Mama ta ce, "Na sani."

Manaja ta ce, "Na'am?"

"Na ce na sani. Ni da nake wanke su tun kafin a haife ki?" Ta juya ta nuna Babban Yaya da baki. "Dogon kofin nan na wannan ne. Ƙwallo ya buga mini a falo yana sakandare. Ya yi ta zuwa makaranta a ƙasa yana tara kuɗin mota, ina kallon takalminsa yana cinyewa, har ya sayo ya saka a ɓoye."

Babban Yaya, mutum da furfura a gemu, ya buɗe baki ya kasa rufewa. "Mama, kin sani?"

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga. Mai ganye na wannan ce," ta nuna Anti. "Ranar da uban yaron nan ya fara zuwa gaishe mu, garin rawar kai ta sake shi a kicin, ta yi tari don kada in ji. Mai fanka a kife na Dogo ne. Shi ko takardar farashi bai cire ba, ni na ɓamɓare masa."

Dogo ya ce, "Ni fa na zaci ni kaɗai ne!" Anti ta ce ita ma haka. Babban Yaya ya ce shi shekara da shekaru in an fito da kofunan nan gabansa faɗuwa yake yi. Falo ya kaure da dariya, kowa yana nuna kowa.

Mama ta ce, "Mai tsini goma sha biyu nawa ne, ni ma ba waliyyiya ba ce. Na fasa, na ɓoye wa babanku. Duk wanda ya fasa ya sha wahalar mayarwa, ai ya nuna ya damu da ni. Me zan tona masa? In na zo rabo, kowa nasa nake miƙa masa, ba ku taɓa lura ba." Ta dubi Auta da ke durƙushe. "Wanda kika fasa shi ne ba shi da mai shi. Shi nake ba baƙo. Shi nake ba ki."

Auta ta sunkuyar da kai. Manaja kuwa ta duƙufa gyaran bakin mayafinta.

Anti ta ce, "To Mama, na zubin fa?"

Murmushi ya ɗan taɓa bakin Mama. "Na babanku ne. Ina asibiti wurin haihuwar Dogo ya fasa. Bawan Allah ba shi da ido ko kaɗan, ya je ya sayo wanda ya fi kowanne muni a kasuwa, ya tura shi can baya. Daga ranar, duk sanda na fito da kofuna sai ya yi wuf ya riga kowa ɗaukarsa, ya rufe shi da tafin hannu yana sha, wai kada in gani. Har ya koma ga Allah yana zaton ya yi mini wayo." Ta numfasa. "To, ina suke? A dawo mini da kayana."

Manaja ta dube ni. Auta ta dube ni. Ni da na ce kada a yi, ni aka bar wa faɗa.

Na ce, "Mama, huɗu suna shago lafiya lau."

"Na biyar fa?"

"An saya."

"Wanne?"

Ba sai na faɗa ba, fuskata ta gaya mata na Alhaji ne. Dariyar nan duk ta janye. Mama ta zauna a hankali, ta ɗora hannu a gwiwa. Auta ta matso tana cewa, "Mama, ki yafe mini, ni na jawo." Mama ta dube ta, ta yi mata murmushin nan nata mai sanyi, ta ce, "Ba komai, 'yar nan. Sannu da ƙoƙari."

Na ga fuskar Auta a lokacin. Da mari aka yi mata da ya fi mata sauƙi.

Washegari tun tela bai gama share ƙofar shagonsa ba muka dira, ni da Manaja da Auta. Ga kofin Alhaji a kan keken ɗinki, cike da allurai da maɓallai. Manaja ta fito da ɗaya daga cikin kofunanta na ji da kai, ta ce musaya muka zo yi.

Tela ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya jawo kofin kusa da shi. "Mutum uku, da sassafe, a kan kofin allura? Ruwa ba ya tsami banza. Wato kun gano na zinariya ne."

Manaja ta ce, "Malam, na zubi ne, ko sisi bai ƙara ba. Saurari wannan." Ta ɗalli nata, ya ɗauki tinnn.

Ya ce, "Mai kukan nan ai faɗuwa ɗaya zai yi ya mutu. Nawa ya faɗo daga keken nan ya fi a ƙirga, ko gezau. Hajiya, riƙe abinki."

Manaja ta fara hawa, na ga za a ɓata. Sai Auta ta shiga tsakani. Ba ta yi wani dogon zance ba. Ta ce kofin na surukinta ne da ya rasu, matarsa tana son abinta, kuma ita ce ta yi sanadin fitarsa daga gidan. Ta ce, "In ban mayar ba, Baba, zan zauna a gidan nan har tsufa ana ce mini sannu."

Ban san ko ya gane ba, amma ya ga idonta. Ya juye allurai a murfin gwangwani. Har ya miƙo, sai ya janye hannu ya dube ni. "Kai ne mai hoton? Ai kofin da na gani a waya ya fi wanda ka kawo mini kyau nesa ba kusa ba. Mutumin da ya iya wannan ƙarya da kofi, me zai yi da ɗinkina?"

Haka na wuni a shagon tela. Riga, wando, siket, kayan makaranta, har da wata rigar da mai ita ya gudu ya bari tun bara, duk sai da na rataya na ɗauka. Manaja ce ta yi aika-aika, Auta ce ta fasa, ni ne na biya da bayana. Da na faɗa wa Manaja haka, sai ta ce ai shi ya sa ake aure.

Da la'asar muka kai biyar ɗin. Mama tana zaune a falo ita da Dogo. Auta ta buɗe tawul ta miƙa mata na zubin da hannu biyu. Mama ta karɓa, ta rufe shi da tafin hannu, babban yatsanta ya sami layin haɗin nan ya tsaya a kai. Sannan ta tashi ta kwashe na Manaja shida ta mayar mata a kwali, ta jera nata biyar a kabad. Gurbi ɗaya ya rage a gaba.

Ta tsaya tana kallon gurbin. Sai ta juyo, ta riƙe ƙugu.

"Ke! Wai wace irin sakarya ce ke zuba wa gilashi tafasasshen ruwa? Kaza ce za ki fige? Kanki ɗaya kuwa? Kuma da kika fasa, maimakon ki yi shiru ki nemo ɗaya kamar kowa, sai kika kwaso mini dangi da mai hoto, aka yashe mini kabad! Wa ya aike ki? Ji yadda kika bar mini labule a karkace, ga ƙura a kan talabijin kamar ba mace a gidan!"

Auta ta ɗago. Hawaye na zuba, baki kuma ya ƙi rufuwa.

"Dariya kike yi mini?"

"A'a, Mama."

"To tashi ki je ki nemo na shida. Da ƙafarki, da idonki. Kada ki bar yayarki ta zaɓa miki, ita ta san aiki da yawa."

A shagonmu akwai wani kwali a ƙarƙashin tebur da muke kira gidan marayu, kofunan da ba su da 'yan'uwa kuma Manaja ta kasa gano zanensu. Nan Auta ta durƙusa. Ta ɗaga wannan, ta ajiye wancan, can ta fito da wani gajere mai tumbi, da ɗan ja-ja a bakinsa, tauraronsa ma a karkace. Manaja ta buɗe baki. Na ce, "Manaja." Ta rufe, ta ciji leɓe, ta juya tana kallon bango har Auta ta fita.

Da 'ya'yan Mama suka sake taruwa an gayyace mu, na tafi da baƙin ƙyallena na ɗauki shidan a jere. Mai tsayi da gajere, kore da ja, babu biyu da suka haɗa uwa. Manaja har yau ba ta yarda ta kalli hoton nan ba, wai yana sa mata ciwon kai. Nata shida na gaske kuwa wani mai gidan abinci ya saye su tun a makon.

Mama ta zuba ruwa ta fara rabo. Ta miƙa wa Babban Yaya dogonsa, Anti mai ganye, Dogo mai fanka a kife, kowa yana karɓa yana sunne kai. Na Alhaji ta ajiye kusa da nata. Mu baƙi aka ba mu kofunan kicin. Sannan ta ɗauki gajeren nan mai tumbi ta miƙa wa Auta.

"Ungo naki."

Da aka gama, Auta ta zauna tana jiran a ce ta huta, don ta saba. Mama ta harare ta ta saman tabarau.

"Zaman me kike yi? Kwashe ki wanke. Da ruwa mai ɗumi, na ce."